Manhajar ICOPE a Hannun Ma'aikacin Lafiya: Abin da Na Gani Wajen Duba Dattawanmu

Da wuya a kawo dattijo ƙaramin asibitin da nake aiki ba tare da wani ya ce "ai tsufa ne kawai" ba. Ɗa yakan faɗi haka game da mahaifinsa da ya daina takawa zuwa masallaci, suruka takan faɗa game da uwar mijinta da ta rage cin tuwo, wani lokacin ma dattijon da kansa ne yake riga kowa faɗa. Amma likitocin tsofaffi sun daɗe da bambanta yawan shekaru da raunin tsufa, wato yanayin da ajiyar ƙarfin jiki ta ƙare har zazzaɓin kwana uku ko gudawa ta kwantar da mutum ya kasa komawa yadda yake a da. Tun a shekarar 2001 wata likitar tsofaffi mai suna Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka ware alamominsa biyar, waɗanda su ne ramewa ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, sanyin tafiya da ƙarancin motsa jiki. A Ingila kwamfuta ce take lissafa wannan rauni daga bayanan marasa lafiya ta hanyar duba matsaloli 36, abin da ba zai yiwu a wurinmu ba, tunda tarihin lafiyar dattijo a nan bai wuce kati ɗaya da ke cikin aljihun rigarsa ba.

Wannan ne ya sa na karkata ga manhajar ICOPE (taƙaitaccen sunan Turanci mai nufin haɗaɗɗiyar kulawa da tsofaffi), wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2019 tare da littafin jagora kan kula da tsofaffi. Kyauta ake saukar da ita a waya, kuma an tsara ta ne domin ma'aikatan lafiya na matakin farko masu duba 'yan shekara 60 zuwa sama. Tana bin abubuwa shida ɗaya bayan ɗaya: ƙwaƙwalwa, ƙarfin motsi, cin abinci, gani, ji da kuma damuwar zuciya. Duk inda aka ga alamar matsala sai ta kai ma'aikaci ga bincike mai zurfi a wannan fannin, daga ƙarshe kuma ta fitar da taƙaitaccen bayani da tsarin kulawa wanda za a iya bugawa a takarda.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na kujera. Ana buƙatar dattijo ya harɗe hannayensa a ƙirji ya tashi daga kujera ya koma sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da ya dafa komai ba. Na taɓa yi wa wani dattijo, tsohon manomi da ɗansa ya rantse cewa lafiyarsa ƙalau in ban da ciwon gwiwa. Na ce masa, "Baba, ku daure ku tashi mu gani, ina riƙe da kujerar." Sau biyu ya tashi, a na uku hannunsa ya kai ga cinyarsa, sai ya zauna yana haki. Ɗan ya yi shiru, sannan ya tuna cewa tun bayan Babbar Sallah Baba yake yin sallah a zaune, babu kuma wanda ya ɗauki hakan a matsayin abin kawowa asibiti. Abin da na yi rabin sa'a ina ƙoƙarin fahimtar da iyalin da baki, kujera ta nuna musu shi a gaban idonsu. Sai dai ina ba da shawarar a nemi kujera mai ƙarfi a jingina ta da bango, domin kujerun roba da suka cika wurarenmu suna zamewa, kuma a bar dattijon da ya saba zama kan tabarma ya gwada sau ɗaya kafin a fara ƙirga lokaci.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne harshe da al'ada, kuma a nan manhajar ta dogara kacokan kan basirar mai riƙe da wayar. Da Turanci nake karanta tambayoyin, in juya su zuwa Hausa a bakina. Kalmomi ukun da ake ba dattijo ya riƙe, wato fure, ƙofa da shinkafa, ba su ba ni wahala ba. Tambayar kwanan wata kuwa daban take, domin tsohuwar da ta ce maka yau sha biyu ga watan Rajab ƙwaƙwalwarta garau take, ko da ba ta san lissafin watan Bature ba, kuma zalunci ne a rubuta mata mantuwa saboda haka. Haka tambayar ko mutum ya rage kilo 3 cikin wata uku, alhali bai taɓa hawa ma'auni ba. Ni dai nakan tambayi ko wando ya fara yi masa yawa, ko zobe ya fara zamewa daga yatsa, sannan in auna nauyinsa in rubuta domin zuwa na gaba.

Tambayoyi biyun da suka shafi damuwar zuciya, kan baƙin ciki da rashin jin daɗin al'amura a makonni biyun da suka wuce, su ne suka fi buƙatar haƙuri. Dattijuwar da aka tambaya a gaban 'ya'yanta ba za ta wuce "Alhamdulillahi" ba. Sai da na fara sallamar 'yan rakiya, in ce, "Inna, yaya barci, kuma har yanzu kuna zuwa suna da biki?" sannan na fara jin gaskiyar magana. Gwajin ji ta hanyar raɗa daga bayan kunne ma yana son ɗaki mai shiru, don haka nakan bar shi sai an kashe janareta.

Ina ba ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na unguwa shawarar su sauke manhajar, amma su tanadi inda za su tura mutum kafin su fara. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Nijeriya sai a 2012 aka buɗe ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, kuma nisanta da mu ba kaɗan ba ne, saboda haka ni da abokan aikina muka rubuta ranakun da likitan ido da mai gashin ƙashi suke zama a babban asibitin da ke kusa, muka liƙa a bangon ɗakin duba marasa lafiya. Tsohon manomin nan an koya masa atisayen tashi da zama safe da yamma, an ƙara masa wake, ƙwai da nono a abinci, kuma an rubuta masa ranar dawowa bayan wata uku domin a sake gwada shi a kan kujerar.