Jos ta yi mana daɗi, amma gidan kifin bakin tafki ya ɓata mana rai

Duk wanda ke Abuja yana neman inda zai kai iyali hutun ƙarshen mako, Jos ta isa a je. Wannan kam na faɗa da zuciya ɗaya. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne wani wajen cin abinci da ya kusa sa in manta da duk alherin garin, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Hanyar dai kun santa, Keffi, Akwanga, sai Hawan Kibo. Mun ɗan tsaya a Assop yara suka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, aka yi hotuna, muka wuce. Ana fara hawan nan kunnuwa suka toshe, iska ta canja, kafin mu kai duwatsun Riyom maigida ya kashe sanyin mota kowa ya laluɓo rigar sanyinsa. Garin yana kan tudu kimanin mita 1,200, saboda haka sanyin Disamba na can ba irin na Abuja ba ne da kan gudu da hantsi. Masaukinmu ba laifi, akwai ruwan zafi, akwai bargo mai kauri, ban nemi fiye da haka ba.

Safiyar Asabar ƙanwar maigida da ke aure a can ta ja mu gidan tarihi. Ni da farko don yara na yarda, ashe ni ce zan fi kowa daɗewa a ciki. Tun 1952 aka buɗe shi, wani Bature Bernard Fagg ne ya tsaya a kan kafa shi, kuma a nan na fara ganin kawunan Nok ido da ido, ba a littafin makaranta ba. Na yumɓu ne da aka gasa, idanun masu kusurwa uku, an huda ƙwayar idon da hancin, gashin kuma an tattara shi curi-curi. Babbar 'yata ta leƙa ta ce, "Umma, ai wannan kitso ne aka yi masa." Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna a 1928, akwai ma wani kan da aka ce sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya zo hannun Fagg. Abin da ya haura shekara 2,000 a ƙasa, an kafa shi a gona! Daga nan muka taka zuwa ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Maigida Bazazzagi ne, ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon rufin masallacin yana nuna wa yara yadda ake jera azara a lanƙwasa ta da ƙasa har ta ɗauki rufi, sai da muka janye shi. Autana kuwa tsohon kan jirgin ƙasa kawai ya gani ya ƙi tafiya.

To, a nan daɗin ranar ya tsaya.

Wajen yana gefen gari, a bakin ɗaya daga cikin tafkunan nan da ramukan kuza suka bari ruwa ya cika su. Ba zan kama suna ba. Ƙawayena sun daɗe suna turo mini bidiyonsa: fitilu a jikin bishiyoyi, tebura a bakin ruwa, ana buɗe gasasshen kifi yana tururi. Kuma gaskiya wajen ya yi kyau, ban ƙi ba. Mun isa bayan la'asar, rana tana kan ruwan, aka ba mu tebur can gaba. Tsarinsu shi ne ka je wajen babbar robar da tarwaɗa ke iyo ka nuna wadda kake so. Ni da kaina na je na nuna manya guda biyu, ɗaya ma har da wani tabo fari a kanta, na ce a gasa, a haɗa da soyayyen dankali, a kawo wa yara shinkafa, a fara ba mu shayi saboda iska.

Shayin ya zo, ruwan ɗumi ne da ganye yana lilo a ciki. Na yi shiru, na ce ai ba shayi ya kawo mu ba.

Aka kira magariba ba kifi. Muka tambayi wajen salla, yaron da ke kula da teburinmu ya ce babu, sai dai mu samu gefe. Muka ɗauko darduma daga mota muka shimfiɗa a bayan wajen ajiye motoci, ruwan butar da aka ba mu sai da yatsuna suka ƙage. A garin da rabin masu cika muku tebura za su nemi wajen salla, ɗan ɗaki ɗaya da tabarma ya gagara? Muka dawo, ba kifi. Na kira yaron.

"Hajiya, a yi haƙuri, yana kan wuta, saura kaɗan."

Wannan "saura kaɗan" ɗin na ji ta har na haddace. Duhu ya shiga, aka kunna fitilun nan na bidiyo, sanyi ya fara tasowa daga kan ruwa yana ratsa ƙashi. Autana ya shige cikin mayafina yana rawar ɗari. Abin da ya fi ci mini rai, wasu samari da 'yanmata da suka zo bayanmu da nisa, ɗauke da fitilar ɗaukar bidiyo da sandar waya, a gabanmu aka wuce da nasu kifin, har da manaja yana biye yana gyara musu faranti. Ƙanwar maigida ta taɓa ni ta ce, "Anti, kin ga dai waɗanda ake yi wa girkin." Nan na gane inda bidiyoyin ke fitowa, da yadda ake sa mutane su yi wa rogo kallon kitse.

Sai da aka idar da isha'i namu ya iso, naɗe cikin foyil. Maigida ya buɗe. Fatar ta ƙone ƙurmus, na sa cokali na ɗaga tsokar gefen ƙaya, jini ne ja yake kwance. An ɗora shi a wuta mai ƙarfi an sauke da gaggawa ke nan, bayan an bar shi ajiye tun la'asar. Sannan ba kifin da na nuna ba ne. Na duba kan, babu tabon, kuma girmansa bai kai ba ko kusa. Yaron ya ce ai kifi yana tsukewa a wuta. Na ce ɗan nan, na fi shekarunka ina gasa kifi, tsoka tana tsukewa, ƙashin kai ba ya tsukewa.

Amma dankalin ne ya ƙarasa ni. A Jos fa! Garin da motoci ke lodin dankalin Turawa buhu-buhu daga Bokkos da Mangu ana kai wa ƙasar nan gaba ɗaya, garin da in ka shiga kasuwar Farin Gada sai ka tsallake tsibinsa kafin ka wuce. A nan aka kawo mana irin na leda da ake ajiyewa a firiza, siriri, fari fat, ya sha mai ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wallahi da a Abuja aka ba ni shi da na yi shiru, don mun saba. A Jos kuwa raini ne. Mutum ɗaya da wuƙa da kwano zai fere muku na dare guda, kuma ya fi araha.

Maigida ba mai son hayaniya ba ne, amma ya ce a kira manaja. Ya zo, kuma a nan dole in faɗi gaskiya, mutumin ya iya magana. Ya rusuna ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, laifinmu ne. Hajiya, a gafarce mu, yau mai gashinmu ɗaya ne." Ya kwashe kifin da kansa, ya ce za a cire kuɗin dankali, ya sa aka kawo mana kasko cike da garwashi aka ajiye a ƙarƙashin tebur. Yara suka miƙa ƙafafu, rawar ɗari ta tsaya, shinkafarsu ta zo da zafinta suka ci. Da kifin ya dawo kuwa, sai na rasa bakin faɗa. Ya gasu har ƙaya, yajin ya shiga ciki, ana jin citta da tafarnuwa da masoro, an zuba albasa da kabeji da karas ɗanye masu ƙaras-ƙaras a kai, romon da ya taru a ƙasan foyil ɗin sai da muka sa cokali muka kwashe. Mai gashin ya san aikinsa in an bar shi ya yi. A lokacin har na ce wa ƙanwar maigida to, a yafe musu, kowa yana da ranar da abu ke kuɓuce masa. Da a nan aka tashi, da tauraro huɗu zan ba su.

Wajen biya maigida ya sa kati a POS, ta ce bai shiga ba. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce ya yi tiransifa, ya yi. Muna shiga mota alat biyu suka shigo. Ya ce ba komai, irin wannan banki kan mayar. Na yarda, yana faruwa ko'ina, ban ɗora musu wannan ba.

Sai da gari ya waye na ɗauko rasit ɗin daga aljihun rigarsa na duba da haske. Dankalin da aka ce an cire yana nan. Kifin an rubuta shi a farashin manya, irin waɗanda na nuna ba a ba ni ba. Akwai kuɗin zama a bakin ruwa, wanda ba wanda ya ambata mana da ana ba mu teburin. Can ƙasa kuma, da biro aka ƙara, kuɗin garwashi. Garwashin da aka kawo don ba mu haƙuri! Su suka ajiye mu a sanyi tun rana tana sama har dare, sannan suka sayar mana da wutar da muka ji ɗumi. Na karanta wa maigida, ya yi dariya, ni kuwa ko murmushi ban yi ba.

Shirinmu na Lahadi shi ne mu kai yara gandun namun daji da aka buɗe a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, in lokaci ya ragu mu leƙa wajen duwatsun Shere. Maimakon haka muka koma bakin tafki. Manaja bai zo ba, wayarsa a kashe. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce ita ba ta da ikon cire komai, maganar POS kuma mu je bankinmu. Na ce to ki duba mana a na'urarku ko kuɗin ya shigo, aikin minti ɗaya ne. Ta ce wanda ya san lambar sirrin ba ya nan. Muka zauna jira har hantsi ya ɗaga, wajen da rana ba fitilu, sai kwalabe da ƙayar kifin jiya a ƙarƙashin tebura ba a share ba. Yara suna ta tambayar yaushe za a je ganin birai. Ba a je ba.

Abin da ya wanke mini zuciya kafin mu bar garin bai ci ko kashi goma na kuɗin kifin ba. Ƙanwar maigida ta kai mu wani lungu a cikin gari wajen wata dattijuwa mai masa. Benci biyu ne da tanda a kan murhu. Tana zuba ƙullu, tana juyawa da ɗan tsinken ƙarfe, gefen yana yin ja yana ƙamshi, cikin kuwa taushi da ɗan tsami daidai. Ta zuba mana miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, ta ɗiga man shanu. Na ce, "Inna, a ƙara mana na yara." Ta ce, "'Yata, bari wannan ta fito, ba na ba baƙo mai sanyi." Layi ne a wajen, kuma mun zo a ƙurarren lokaci don ƙullun ya kusa ƙarewa, saboda haka mai son zuwa ya yi sammako. A gidan ƙanwar kuma muka sha gwaten acha da yakuwa da gauta, wanda ni a da ban ɗauke shi abinci ba, sai ga ni ina neman ƙari.

Mun biya Farin Gada muka cika bayan mota da dankali da kabeji da karas da koren wake, muka samu sitiroberi irin na wajen Vom a hannun masu talla, yara suka cinye kafin Akwanga. Ina fere dankalin nan a gida haushin na ledar ya sake taso mini sabo.

Garin zan koma, ko don biran da na yi wa yara alkawari. Wajen kifin kuwa tauraro biyu, kuma duka biyun na mai gashi ne, ba na masu wajen ba. Wadda duk ta nace sai ta je, ta tafi da bargon yara da dardumarta, ta tsaya a yanka kifinta a gabanta, ta tambayi kuɗin tebur kafin ta zauna, in an kawo mata wuta ta tambayi nawa ne, kuma ta karanta rasit kafin a sa kati. Banki ya mayar mana da kuɗin POS ɗin a cikin makon. Na dankali da na garwashi kuwa na tura musu hoton rasit ɗin a shafinsu, alama ta nuna sun buɗe saƙon, har yau ba amsa.