Mojito ko Piña Colada: Wanne Ya Fi?

Dukansu abubuwan sha ne na haɗi da suka fito daga tsibiran Karibiyan, inda noman rake ya haifar da giyar rum, amma ɗanɗanonsu ya yi hannun riga.

Mojito ɗan birnin Havana ne na ƙasar Kyuba. Haɗinsa lemun tsami, ganyen na'a-na'a, sukari, ruwan soda da ƙanƙara, sai farar rum ga masu sha. Gwanintar tana wajen na'a-na'ar: dannawa ake yi a hankali don ƙamshi ya fito, in aka dandaƙe ta sai ɗaci ya ɓata kofin gaba ɗaya. Ba shi da nauyi, yana kashe ƙishi, shi ya sa ya dace da tsakar rana. Fim ɗin James Bond na 2002 ya ƙara masa suna a duniya.

Piña colada kuwa ta Puerto Rico ce, ruwan abarba da madarar kwakwa ake markaɗawa da ƙanƙara har su yi kauri, ita ma da rum ga masu sha. Otal ɗin Caribe Hilton na San Juan yana cewa a wurinsa aka ƙirƙiro ta a 1954, ko da yake akwai masu jayayya. A 1978 gwamnatin tsibirin ta ayyana ta a matsayin abin shan ƙasa.

Ga wanda ba ya shan giya, ni piña colada nake zaɓa masa, domin kwakwa da abarba sun isa su riƙe ɗanɗanon su kaɗai. Sai dai kofi ɗaya kan cika ciki, ga zaƙi, don haka a gefen abinci mojito ya fi.