Doom ko Quake: da wanne za ka fara, kuma yaya za ka saita shi

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa yana da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ba ta ɗaukar wasannin zamani. Ya ji 'yan wasa na gardama, wasu na cewa har gobe babu kamar Doom a tsofaffin wasannin harbi, wasu na cewa Quake ya shafe shi. Yana son sanin da wanne zai fara, da kuma dalilin da ya sa ya gwada Doom sau ɗaya ya kasa sarrafa ɗan wasan, sai karo da bango yake ta yi.

Ɗan'uwa, ka fara da Doom, ka bi shi da Doom II, sannan ka shiga Quake. Karon da kake yi da bango kuma matsalar saiti ce, za mu zo kanta. Yawancin masu cewa tsofaffin wasanni ba sa buguwa da saitin 1993 suka gwada su, suka yanke hukunci cikin minti goma.

Kamfani ɗaya ne ya yi su, id Software na jihar Texas a Amurka. John Carmack ne ya rubuta injin duka biyun, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, John Romero na cikin masu zana matakai. Doom ya fito ranar 10 ga Disamba 1993, Doom II a 1994, Quake kuma ranar 22 ga Yuni 1996. Doom na tashi a kwamfuta mai tsohuwar firosesa 386 da RAM megabait 4, Quake na son Pentium da megabait 8. Don haka ƙarfin kwamfutarka ba abin damuwa ba ne, in dai ka zaɓi manhajar da ta dace.

Babban bambancin yana cikin injin, kuma daga nan duk gardamar ta taso. Taswirar Doom a shimfiɗe take, kowane yanki an ba shi tsayin ƙasa da tsayin rufi kawai. Shi ya sa babu ɗaki a saman ɗaki, babu tsalle, ba ka ɗaga kai ko sunkuyar da shi. In dodo yana kan tudu, ka daidaita bindiga da shi ta gefe kawai, wasan da kansa zai kai harbin sama. Dodannin ma hotuna ne da aka zana ta fuskoki takwas. Wannan sauƙin ne ya ba Doom damar zuba maka dodanni da yawa a fili ɗaya ba tare da kwamfuta ta yi nishi ba. Quake kuwa komai nasa gini ne mai tsawo da faɗi da zurfi: gada a saman ɗaki, ruwan da za ka nutse ka ɓullo ta wani wuri, maƙiyi a saman kanka yana jefo gurneti. Wannan ya ci ƙarfin kwamfutocin lokacin, sai aka rage yawan maƙiya aka ƙara musu tauri.

Duba lissafin harbi ka ga abin da masoya Doom ke nufi in sun ce bindigar Quake ba ta da nauyi. Bindiga mai baki biyu ta Doom II tana watsa ƙwayar dalma 20, kowace tana cire 5 ko 10 ko 15, wato kusan 200 in duk sun shiga. Jan dodon nan mai cizo ransa 150 ne, harbi ɗaya a kusa ya gama da shi. Takwararta a Quake ƙwaya 14 take watsawa, kowace 4, jimla 56. Ogre, mai zarto da gurneti, ransa 200, sai ka harbe shi sau huɗu kana tsaye a bakin zartonsa. Wannan ƙorafin gaskiya ne. Sai dai a Quake ba a kan wannan bindigar aka gina faɗan ba. Makamansa na gaske su ne mai harba roka, mai jefa gurneti, babbar mai ƙusoshi, da mai walƙiya, kuma kowane maƙiyi da abin da ke cin sa. Shambler, farin ƙaton nan mai rai 600, rabin illar fashewa kawai yake ɗauka, don haka roka a kansa asara ce, ƙusoshi ake zuba masa, ana laɓewa bayan ginshiƙi duk lokacin da ya ɗaga hannu zai saki walƙiya. Gawarwakin da ke tafiya ba sa mutuwa da harsashi, su faɗi su sake tashi, sai gurneti ko roka ta tarwatsa su. Kuma kada ka kuskura ka harba mai walƙiya kana cikin ruwa, da kai za ta tafi.

A Doom ilimin na wani fanni ne, ilimin sarrafa taro. Maƙiyansa kashi biyu ne: masu bindiga, waɗanda harbinsu ke isowa nan take ba a kauce masa, da masu jefo ƙwallon wuta, wanda kana ganin tahowarsa ka goce. Ƙa'idar ita ce ka fara kashe masu bindiga, musamman mai bindigar nan mai juyawa ta Doom II, sannan ka yi ta zagaya sauran. In harbin wani dodo ya sami wani na daban, sai su bar ka su koma kan juna. Quake ma yana da wannan, amma a Doom ne aka gina matakai sukutum a kansa. A mataki na 20 na Doom II an ajiye Cyberdemon mai rai 4000 da babban gizo-gizo mai rai 3000 kusa da juna, aikinka ka ratsa tsakaninsu ka haɗa su faɗa, ka koma gefe ka adana harsashinka. Irin wannan dabarar ce ta sa muke ganin Doom ya fi daɗin koyo: dokokinsa kaɗan ne, a bayyane suke, amma haɗuwarsu ba ta ƙarewa.

Inda Quake ya yi zarra shi ne motsi da saiti da linzami. A nan ne harba roka a ƙasa tare da tsalle don hawa tudu ya zama sana'a, a nan ne kuma wasa da mutane ta intanet ya kafu, musamman bayan fitowar QuakeWorld, bugunsa na wasa ta intanet, a Disamba 1996. Wasan Team Fortress a kansa aka fara shi, Half-Life na 1998 ma a kan injinsa da aka gyara aka gina shi. Wanda ya saba da wasannin harbi na yau zai fi jin Quake a hannunsa tun daga minti na farko. Abin da ake kuka da shi: launinsa ƙasa-ƙasa ne da toka-toka kusan ko'ina, babu taswirar da za ka buɗe in ka ɓace (a Doom maɓallin Tab ne), kuma manyan dodanninsa biyu ba faɗa ake yi da su ba, dabara ce ake warwarewa. Na ƙarshen ma shiga cikin jikinsa ake yi ta ƙofar ɓacewa, shi ke nan wasa ya ƙare. Mutane da yawa sun ji an rage musu wani abu a nan, kuma muna tare da su.

Yanzu saiti, wanda shi ne ainihin matsalarka. Kada ka wahalar da kanka da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohon tsarin DOS, a kan waɗannan biyun. id Software ta saki lambobin injin Doom a 1997, na Quake a 1999, masoya suka sake gina su don kwamfutocin yau. Abin da kake buƙata daga wasan asali fayilolin bayanai ne kawai, kuma suna cikin wanda ake sayarwa a shagunan wasanni na intanet, Steam da GOG. Sabbin bugun da Nightdive Studios ta gyara, Quake a 2021 da Doom haɗe da Doom II a 2024, suna da kyau, amma sun fi son katin hoto mai ɗan ƙarfi. A tsohuwar kwamfuta ka ɗebi fayilolin kawai ka kai wa manhaja mara nauyi.

Na Doom, fayil ɗin shi ne doom.wad ko doom2.wad. Ka sauke Crispy Doom, ɗaya daga injinan da masoya suka sake ginawa, ka ajiye fayil ɗin a folda ɗaya da shi. Takwaransa Chocolate Doom yana kwaikwayon na asali daidai-wa-daida, hoto 320 sau 200 da firam 35 a daƙiƙa, har da iyakokinsa, don haka manyan taswirorin masoya sukan rufe shi. Crispy ya ninka kaifin hoton ya kuma cire waɗannan iyakokin. Kafin ka fara, buɗe manhajar saitin da ke tare da shi ka yi abu uku. Na ɗaya, a sashen linzami ka kashe motsin sama da ƙasa. A Doom na asali tura linzami gaba yana tura ɗan wasan gaba, abin da ke kai ka bango kenan duk lokacin da hannunka ya ɗan zame. Na biyu, ka mayar da tafiya kan W da S, gocewa hagu da dama kan A da D, maimakon kibiyoyi da riƙe Alt. Na uku, ka kunna gudu na dindindin. In ka haɗa gaba da gocewa lokaci ɗaya kana gudu, saurinka na ƙaruwa da kusan kashi 28 cikin ɗari, akwai ramukan da sai da haka ake tsallake su cikin sauƙi.

Za a ce maka ka ɗauki GZDoom, wani injin na masoya. Yana da amfani ga manyan gyare-gyaren masoya, amma ya fi nauyi, kuma yana ba da tsalle da durƙuso da ɗaga kai, abubuwan da matakan asali ba su san da su ba. A matakin ƙarshe na Doom II an tsara ka hau dandamali mai tashi ka auna lokacin sakin roka ta faɗa ramin da ke goshin dodon. In kana iya ɗaga kai, daga inda kake tsaye za ka saita ka gama, faɗan ya lalace. In ka yi amfani da shi, ka bar waɗannan a kashe, ka kuma kashe tace hoton da ke sa bango ya yi dishi-dishi.

Na Quake, fayilolin su ne pak0.pak da pak1.pak a cikin folda mai suna id1. Na farkon shi ne babi na ɗaya, na biyun ya ƙunshi sauran ukun. A tsohuwar kwamfuta QuakeSpasm za ka ɗauka, domin takwarorinsa na son katin hoto na zamani: Ironwail na neman OpenGL 4.3, vkQuake kuma na neman Vulkan. Abu uku ke lalacewa a nan. In a Linux kake, sunayen fayilolin su zama da ƙananan haruffa, in ba haka ba zai ce bai gan su ba. Sai kiɗa: a faifan CD na asali waƙoƙi ne daban, daga na 2 zuwa na 11, shi ya sa mutane da yawa suka buga Quake shiru suka ce ba shi da armashi. Ka buɗe folda mai suna music a cikin id1, ka zuba su da suna track02.ogg har zuwa track11.ogg. Na uku, a QuakeSpasm ka bar host_maxfps, saitin yawan firam a daƙiƙa, a kan 72. Lissafin motsin wasan a ɗaure yake da wannan adadin, in ka ɗaga shi sosai lif da tsalle sukan rikice. In kana son hoton ya fito da kaifinsa na asali, danna maɓallin da ke ƙasan Esc ka rubuta gl_texturemode GL_NEAREST.

Wajen zaɓen wahala, a Doom ka fara da Hurt Me Plenty, in hannunka ya faɗa ka koma Ultra-Violence, inda yawancin tsofaffin 'yan wasa suke zama. Ka bar Nightmare tukuna, dodanni na sake tashi bayan ka kashe su. A Quake babu jerin zaɓi, ƙofofi uku ne a zauren farko, ka bi ta tsakiya. F6 na ajiye wasa, F9 na dawo da shi, a duka biyun. Kuma duka biyun akwai jini da tarwatsa jiki, ba na ƙananan yara ba ne.

In ka gama babi na ɗaya na Doom, matakai tara har da na ɓoye, kana jin ɗaga kai da tsalle kawai kake kewa, to kai mutumin Quake ne, ka wuce can kai tsaye, daga baya ka nemi Arcane Dimensions, gyaran da masoya suka yi wa Quake. In kuma zagaya taron dodanni ne ya kama ka, Doom II na jiranka da matakai 32, bayansa Sigil, sabon babin da Romero ya fitar a 2019, wanda ake ɗorawa a kan doom.wad.