Ofishin tallafin kuɗin karatu na wata kwaleji a New York: tauraro huɗu na ba su

Huɗu cikin biyar na ba su, kuma wallahi da don ma'aikaciya ɗaya ce kawai da biyar ɗin zan ba su cur, 'yan kaunta, wato masu karɓar mutane a gaban ofis, su ne suka cinye ɗayan. Kwalejin gwamnati ce ta shekara biyu, ba zan kama suna ba don yawancin abin da zan faɗa dokar tarayya ce, duk kwalejin da ka je a Amurka shi za ka tarar.

Wadda na raka yarinya ce 'yar shekara 19, muna aiki tare a gidan kula da tsofaffi nan Bronx, ita a kicin take. Namiji aka haife ta, ta sauya jinsi tana rayuwarta a mace, da iyayenta suka sani aka watso mata kayanta waje aka toshe lambarta. Na san wasu suna kaiwa nan za su ce Hajiya ina ruwanki. Toh ni dai uwa ce, ina kallon yarinya yau ta kwana a kujerar wannan ƙawa gobe ta waccan, tana shirin ajiye karatun nas ɗin da ta fara, ga shi Anti take ce min, ba zan iya zuba ido ta ƙare a titi ba. Abin da ke tsakaninta da iyayenta ba ni zan yanke ba.

Matsalar daga fom ɗin FAFSA take, shi ne ƙofar duk wani tallafin gwamnatin tarayya. In baka kai shekara 24 ba, baka da aure, baka da ɗan da kake ciyarwa, baka yi soja ba, to gwamnati ɗan gida take ɗaukarka, dole sai iyaye sun sa bayanan harajinsu a fom ɗin ko da sisinsu baya shiga aljihunka. Yaron da aka kora kuma wa zai je ya roƙa?

A kaunta muka fara, kuma nan ne raina ya ɓaci. Layi ne dogo, saurayin da ke wajen ya duba kwamfuta ya ƙwala mata kira da tsohon sunanta na maza kowa na ji, ta yi bayani a hankali ya ce sai dai ta je ta kawo takardun harajin iyaye, ta ce sun kore ni, ya ce to ta lallaɓa su mana. Ba mugunta ba ce ina ga, bai san aikin bane, amma yarinya ta fito tana rawar jiki tana cewa Anti mu tafi kawai na haƙura. Wanda ya zo shi kaɗai anan zai juya, ya tafi kenan, kuma karatun ya tafi.

Na ce ba inda za mu, a ba mu lokaci da babbar ma'aikaciya. Ita kam Allah ya saka mata. Ta shigar da mu ɗaki ta rufe ƙofa, farkon abin da ta tambaya shi ne wane suna kike so in kira ki, sannan ta yi mata bayani cewa a kan fom dole sunan ya zo daidai da na katin Social Security, mai lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba mutum, in ba haka ba na'ura za ta dawo da shi, amma a bakinta da imel ɗinta sunan da take so za ta riƙa amfani da shi. Bata nemi takardar likita kan jikinta ba, bata tambaye ta dalilin da ta zama haka ba. Tambayoyinta duk kan iyaye ne: yaushe rabonki da su, suna ba ki wani abu, in kin koma gidan za ki zauna lafiya?

Ashe anan gizo ke saƙa. Doka ta raba abu biyu da mu muke gani ɗaya ne. In iyaye sun ƙi biya ne kawai ko sun ƙi sa hannu, wannan baya sa a ɗauke ka mai zaman kanka, abin da za ka samu bashi ne mai ruwa tun ranar farko, dala 5,500 a shekarar farko, ba Pell Grant, wato tallafin tarayya da ba a mayarwa, ba komai. In kuwa sun yasar da kai ne, alaƙa ta yanke ko komawa gare su haɗari ne, to makaranta na da ikon cire su daga lissafi gaba ɗaya a duba abin da kai kake samu. Daga fom ɗin 2024-25 ma an sa tambayar a ciki, kana amsa e za a bar ka ka tura ba iyaye, a ba ka matsayin wucin gadi kafin makaranta ta tabbatar. Dokar da ta kawo wannan tun Disambar 2020 aka yi ta, amma ga ɗan kaunta bai ji labari ba.

Hujja ma bata wahalar da mu ba. Ma'aikaciyar ta ce hirar da ta yi da yarinyar ta rubuta, ita kanta hujja ce, sai a ƙara da wasiƙar wani babba da ya san zancen, malamin ba da shawara na tsohuwar sakandarenta, ko likita, ko ma'aikacin walwala, ko limami ko fasto. Wanda ya kwana a gidan marasa galihu irin Ali Forney Center, da ke karɓar irin waɗannan yaran, wasiƙarsu ma tana aiki. Ni ma na rubuta tawa aka haɗa. Cikin 'yan makonni amsa ta fito, kuma ta ce badi ba sai an sake tona mata ciwon ba, matuƙar tana makarantar matsayin zai bi ta. Wannan ya fi komai yi min daɗi gaskiya, don ba ƙaramin abu bane yaro ya zauna duk shekara yana ba baƙo labarin yadda uwarsa ta rufe masa ƙofa.

Pell ɗin iyakarsa dala 7,395 a shekara, kuɗin makarantar wajen 4,800 ga ɗan gari, saura aka tura mata asusu ta sayi littattafai da kuɗin jirgin ƙasa. Bashi ma an buɗe mata har 9,500, matar ta ce kar ta taɓa sai dole. Akwai ɗakin abinci kyauta a makarantar, shinkafa, taliya, kayan gwangwani, ba a tambayarka komai sai katin ɗalibi.

Inda suka gaza kuma wajen kwana ne. Takarda ɗaya aka miƙo mana mai lambobin waya, shikenan, a garin da hayar ɗaki ɗaya ke cinye albashin mutum. Asusun gaggawa da suke tallatawa a bango kuɗin kaɗan ne kuma kafin ya fito gaggawar ta wuce. Ma'aikaciyar ta ambata mana Point Foundation, masu ba irin waɗannan ɗalibai sikolashif tun 2001, amma gasa ce kuma tana da lokacinta, ba abin da za ka dogara da shi bane a wannan watan.

'Yan uwa masu bizar karatu ta F-1 ku lura, duk wannan bai shafe ku ba, FAFSA na 'yan ƙasa ne da masu girin kad da irinsu 'yan gudun hijira. In gida sun yanke maka kuɗi ko da wane dalili, ofishin ɗaliban ƙasashen waje za ka nufa, aikin cikin makaranta awa 20 a sati, sai izinin aiki na matsin tattalin arziki da ake nema bayan ka cika shekarar karatu ɗaya.

Sai TAP, tallafin jihar New York, wanda ba wanda ya gaya mana tun farko cewa nasa sharuɗɗan daban ne, abin da tarayya ta amince da shi ba lallai jiha ta bi ba. An sake neman wasu takardu, mun kai, har yanzu shi muke jira.