Ƙararrawar ƙofa: mai waya ko mara waya?

Ɗan'uwanmu da ke shirin tarewa a sabon gida ya tambaya wace ƙararrawa ya kamata ya sa, mai waya ko mara waya, ganin cewa get ɗinsa na ƙarfe ne, kuma ɗakunan ciki suna da nisan da sallama ba ta isa gare su.

Malam, mai waya abubuwa uku ne suka haɗa ta: madanni a bakin ƙofa, ƙaramar taransifoma mai rage wutar gida daga volt 230 zuwa 8, 12 ko 16, sai akwatin ƙararrawar. A cikin akwatin akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa. Da baƙo ya danna, maganaɗisun zai fizgi wani ɗan sandan ƙarfe ya bugi faranti na farko, da ya ɗaga yatsansa kuma sifirin ya mayar da sandan ya bugi na biyu, shi ya sa ake jin sauti biyu a jere. Wasu akwatunan suna da mahaɗar ƙofar baya mai sauti ɗaya, domin mutanen gida su gane inda baƙon yake. Wahalarta tana wajen jan waya daga get zuwa ciki, wanda ya fi sauƙi a yi cikin bututun roba kafin filasta da daɓen tsakar gida. Idan an ɗauke wuta kuwa shiru za ta yi, sai dai in an ɗora ta a layin inbata.

Mara waya ba ta buƙatar fasa bango. Madanninta yana da ɗan batir, yana aika saƙon rediyo, galibi a zangon megahas 433, zuwa akwatin da ke ciki. Sai dai nisan da ake rubutawa a kwali awon fili ne da babu shinge; katangar bulo tana rage shi, ƙarfen get kuma ya fi komai kashe saƙon. Saboda haka a jikin katanga za a ɗaura madannin, ƙarƙashin abin da zai kare shi daga ruwa da rana, kuma a gwada daga ɗaki mafi nisa kafin a huda ko'ina. Akwatin ciki mai batir ya fi na soket amfani a inda wuta ba ta tsayawa.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne irin ƙararrawar da ake kai wa madanninta cikakkiyar wutar gida har bakin get, domin da damina jiƙaƙƙen hannu, musamman na yara, zai iya haɗuwa da wutar.

Tunda gidan naka ne kuma aiki bai ƙare ba, shawarata ka sa mai waya mai taransifoma, ƙwararren mai aikin wuta ya haɗa ɓangaren volt 230. Ɗan haya kuwa mara waya ce ta dace da shi, tunda zai iya cire ta ranar tashi.