Ƙayyade Kuɗi ko Rufe Asusu: Wanne Ke Riƙe Mai Jarabar Caca?

A Birtaniya, mai caca ta intanet na iya ƙayyade kuɗin da zai zuba a rana, mako ko wata. Idan ragi ya yi, nan take yake aiki. Ƙari kuwa sai bayan awa 24. Sai dai iyakar a kamfani ɗaya take, ko yau yana iya buɗe asusu a wani. Wanda ya fara cin bashi don ya fanshe asara, wannan ba ta riƙe shi.

Shi rajistar GAMSTOP, wato tsarin da mutum ke sa a rufe masa asusunsa na caca ta intanet, ta fi masa: rufewar ta wata 6 ce, shekara 1 ko 5, ba janyewa sai wa'adi ya cika. Tun 2020 wajibi ne duk shafi mai lasisi ya toshe shi. Abin damuwar, shafukan ƙetare marasa lasisi da shagunan caca ba sa ciki.