Gargaɗi ga masu motoci a Zariya game da jabun famfon ruwa

Ina jan hankalin masu motoci da direbobin haya game da wasu mutane da ke zagaya garejoji a Sabon Gari da Kwangila da Danmagaji da famfon ruwa na inji a cikin kwali mai tambarin Toyota, suna cewa kayan gwanjon kwastan ne, shi ya sa farashinsu ya ɗan sauka. Ba su da shago, ba sa ba da rasiti, kuma ba a sake ganinsu bayan an biya.

Abin da ke cikin kwalin iri biyu ne. Wani tsohon famfo ne da aka wanke aka fesa masa fenti ruwan azurfa, wani kuma sabo ne na jabu da aka buga wa sunan Aisin, kamfanin Japan da ke ƙera wa Toyota famfunanta na asali. Dukkansu suna aiki a ranar da aka ɗaura su, domin boris da sil ɗin da ke ciki ba sa nuna rauninsu sai inji ya daɗe yana zafi, kamar a tafiyar Kaduna ko Kano cikin watan Afrilu.

Ɓarnar jabun famfo, ko da ba mai tambarin Toyota ba ne, ta danganta da irin motar. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, bel ɗin waje ne ke juya famfon, don haka mai lura zai ji ƙara ko ya ga lagireto na shan ruwa kafin gasket ya ƙone. A Peugeot 406 kuwa, bel ɗin taimin ne ke juya shi, kuma idan boris ya cije, bel ɗin na iya tsallakewa ko ya tsinke, fistin ya daki bawul, aikin da ya kamata ya ƙare a awa biyu ya koma sauke inji.

A ganina, wanda ba shi da kuɗin na asali ya sayi na kamfani irin GMB, wanda ke sayar da kayansa da sunansa, ya fi masa kwanciyar hankali a kan kwalin Toyota mai araha.

Kafin ku biya, ku juya famfon da hannu: idan ya yi sako-sako ko ya yi gurza, ku ajiye shi. Ku duba ƙaramin ramin da ke jikinsa, domin tsatsa ko farin busasshen ruwa a wurin shaida ce cewa an taɓa amfani da shi, haka ma sawun kusa a ramukan ɗauri. Ku saya da kanku a shagon da za ku iya komawa, ku karɓi rasiti mai lambar kayan, ko da bakanikenku amintacce ne, domin su ma kanikawa ana yaudararsu. Wanda aka riga aka cuta yana iya kai famfon da kwalinsa ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya.